Rubutaccen shiri: In na faɗa wa ɗan sanda, wa kuma zai ji?

Yau ma daga Narayi nake magana. In kun ji ƙarar janareto a baya, ku yi haƙuri, na maƙwabci ne, wutar tun asuba ba ta dawo ba.

Abin da ya jawo maganar yau wani taro ne da aka yi a layinmu kwanakin baya. Taron tsaro, irin wanda aka saba, an jera kujerun roba, ga dattawa, ga 'yan banga, ga mu matasa a tsaye daga baya. An gayyato wani jami'in ɗan sanda, ba zan faɗi sunansa ko ofishinsa ba. Mutumin ya yi magana mai kyau, gaskiya. Ya ce su ba aljanu ba ne, ba za su san abin da ke faruwa a lungu ba sai an gaya musu. Ya ce yanzu aikin ɗan sanda ya koma na bayanan sirri, don haka duk wanda ya ga wani abu ya kira. Ya karanto lamba, muka rubuta.

Sai wata dattijuwa da ke sayar da ƙosai a bakin titi ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, ina da tambaya. In na kira ka na faɗa maka, bayan kai wa kuma zai ji?"

Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, sirrinki yana hannunmu."

Ta ce, "Hannunku ku nawa?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Amma ba a amsa ta ba, aka wuce zuwa maganar kuɗin fitila da na masu gadi. Ni kuwa tun ranar tambayar nan ta ƙi barina.

Bari in fara da bayanin abin da jami'in yake nufi, don kar mu riƙa jin kalma muna gyaɗa kai kawai. Aikin ɗan sanda irin wanda muka taso muka gani shi ne a jira abu ya faru, a zo da mota, a kwashe duk wanda aka tarar, ko a kafa shinge a hanya a riƙa tsayar da kowa. Shi kuma wannan salon, wanda bayanan sirri ke yi wa jagora, ya fi shahara ne daga Ingila, a yankin Kent, cikin shekarun 1990, lokacin da David Phillips yake shugaban 'yan sandan wurin. Lissafinsu mai sauƙi ne. Sun lura mutane ƙalilan ne ke aikata kaso mai yawa na laifuka, suna ta maimaitawa. To maimakon a baza jami'ai ko'ina, a tattara bayani, a zauna a tantance, a gano su wane ne waɗannan 'yan kaɗan ɗin, ina suke sayar da kayan sata, wa ke ba su mafaka, sannan a tura ƙarfi can. Zuwa shekarar 2000 abin ya zama tsari na ƙasa a Birtaniya. Amurka ma ta rungume shi sosai bayan harin 11 ga Satumba 2001, ta kafa cibiyoyin da hukumomi daban-daban ke zuba bayanansu wuri guda.

Wurin da ya fi ja hankalina a tsarin nasu shi ne abin da ake yi wa labari kafin a yi aiki da shi. Ana yi masa tambayoyi. Wanda ya kawo shi, an taɓa gwada shi an same shi da gaskiya? Shi labarin, da idonsa ya gani ko ji ya yi a majalisa? Sannan, wa aka yarda ya karanta shi? Kuma sunan wanda ya kawo labarin ba ya tafiya tare da labarin. Ana raba su. Jami'in da zai je kamen ya san gida kaza, ƙarfe kaza, amma bai san cewa mai ƙosai ce ta faɗa ba. Kun ga ashe tambayar Mama tana da amsa a rubuce a cikin ainihin tsarin da ake ce mana an ɗauko. Mu dai sunan muka aro, muka bar wannan ɓangaren a can.

Kar wani ya ce ina adawa da tattara bayani. Ni ɗan ƙaramar hukumar Chikun ne, na san abin da rashinsa ya ja mana. Ku tuna 2021. Ranar 11 ga Maris aka kwashe ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 20 ga Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield a hanyar Abuja, daga baya aka kashe biyar daga cikin ɗaliban. Ranar 5 ga Yuli aka ɗauki yara fiye da ɗari a makarantar Bethel Baptist, nan hanyar Kachia. Rahoton da gwamnatin jiha da kanta ta fitar ta hannun Samuel Aruwan, kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, ya ce a shekarar kaɗai an kashe mutum 1,192, an sace 3,348. Bayan nan ga jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022, ga Kuriga a Maris 2024. Ba a kwashe yara ɗari da kafa ko da babura ba tare da wani ya ga gilmawarsu ba. Wani ya sayar da mai, wani ya kai burodi, wani ya yi cajin waya. Bayanin yana nan a bakin mutane, isarsa inda ya dace ne ya gagara.

Da ya gagara me aka yi? A ƙarshen Satumba 2021 aka rufe sabis ɗin waya a sassan jihar, har da sassan Chikun, aka hana hawa babur, aka hana sayar da mai a jarka a wasu wurare. Sai wajen ƙarshen Nuwamba aka buɗe layukan. Na tuna yadda 'yan uwanmu na ƙauyukan bayan gari suke shigowa cikin gari don kawai su yi kira ɗaya ko su ciri kuɗi a POS. Wannan matakin shaida ce cewa ba a san layin da za a bi ba, shi ya sa aka kashe na kowa. Kuma wanda ya ga 'yan bindiga suna tahowa a watannin nan biyu, da me zai kira?

To yanzu mu zo kan abin da mu muka bayar. A Disamba 2020 gwamnatin tarayya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Kun tuna layin da muka bi, cikin korona, cikin rana. Mun ba da hoto, mun ba da yatsu goma, adireshi, ranar haihuwa. Kafin nan mun ba banki BVN. A Afrilu 2022 aka toshe kira ga layukan da ba a haɗa ba. Dalilin da aka ba mu shi ne tsaro, cewa daga yanzu duk wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa za a san ko wane ne. Ni ban yi gardama ba, na je na yi. Amma har yau da waya ake cinikin fansa, wani lokaci makonni ana kira. A Janairu 2024, lokacin da aka sace 'yan matan nan 'yan gida ɗaya a Bwari, shi kansa Isa Ali Pantami, ministan da ya kawo tsarin, ya fito ya ce matsalar ita ce hukumomin da ya kamata su yi amfani da bayanan ba sa yi.

Shekarar nan dai ta 2024 sai ga wani labari. A Maris 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 200. A Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin da ke sayarwa a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To mu dai abin da muka gani shi ne, bayanin da aka karɓa don a kare mu, ya fi sauƙin isa hannun mai naira ɗari a kan ya isa hannun mai ceto. Naira ɗari fa, kuɗin da ba zai saya maka ƙosan kirki ba.

Bari in ba ku labarin da ya sa Mama ta yi tambayarta, don ba haka kawai ta yi ba. Duk layinmu an san shi. Wani bawan Allah, mai gyaran babur ne, ya lura da wasu samari da ke kawo masa babura da daddare, kullum sabon fenti, kullum ba takarda. Ya yi abin da ake ce mana mu yi. Ya tafi wani ofis, ba zan faɗi wanne ba, ya yi bayani. Aka ce ya rubuta sunansa da lambarsa a wani babban littafi da ke kan kanta, wanda duk mai shigowa yana iya leƙawa. Kwana uku bayan nan wayarsa ta yi ƙara da dare. Muryar da bai sani ba ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi lafiyar yaransa, ta faɗi makarantar da suke zuwa, ta ce ya ci gaba da gyaran babur ya bar aikin da ba nasa ba.

Ban ce jami'i ne ya sayar da shi ba. Wataƙila wani ne ya zo belin ɗan'uwansa ya karanta littafin. Wataƙila an gan shi yana shiga. Amma ko ma yaya ne, sakamakon ɗaya ne. Ya tattara iyalinsa ya bar unguwar. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya san labarin nan ya koyi darasi ɗaya, ya ga abu ya kau da kai. Ku lissafa idanu nawa aka rasa saboda littafi guda a kan kanta.

Shi ya sa nake jin haushi in an ce maganar kare sirri ta 'yan boko ce, ta masu ƙungiyoyi da ke zama a otal a Abuja. Mai gyaran babur bai taɓa jin sunan wata dokar kare bayanai ba, amma shi ya fi kowa buƙatarta.

Yanzu kuma in juyo kanmu, don in na tsaya kan hukuma kaɗai na yi son kai. Mu ma muna da namu ofishin bayanan sirri, sunansa guruf ɗin unguwa na WhatsApp. Namu yana da mutum sama da ɗari biyu. Ina cikin admin, don haka laifin da zan faɗa har da ni.

Wata rana da yamma wani ya turo hoton wani yaro, bai wuce shekara sha tara ba, yana zaune a kan dakali kusa da wani gida yana danna waya. A ƙasa aka rubuta, a kula da wannan, kwana biyu ana ganinsa a nan, ana zargin infoma ne. Kun san nauyin kalmar nan a Kaduna yanzu. Infoma, mai kai wa masu garkuwa rahoton wanda ke da kuɗi da lokacin da yake dawowa gida. Cikin minti goma an tura hoton zuwa guruf ɗin coci, guruf ɗin masallaci, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Wani ya ce ai ya taɓa ganinsa a Sabon Tasha. Wani ya ce kamanninsa ma sun nuna. Kamanni! Ni ina gani, na yi shiru, na ce bari in ga abin da manya za su ce.

Washegari 'yan banga suka tare shi. Kafin a kai ga tambaya ya sha mari da gora. Ashe yaron almajirin tela ne, sabon zuwa, wajen ɗan'uwan babansa yake zaune. Dakalin da yake zama kuwa, nan ne kaɗai sabis ke kamawa da kyau, yana kiran mahaifiyarsa a ƙauye. Maigidansa ya zo da kansa ya yi rantsuwa, aka sake shi, aka ce a yi haƙuri.

Haƙurin ya tsaya a layinmu. Hoton bai tsaya ba. Mun goge a guruf ɗinmu, amma wa zai bi sauran ya goge? Bayan wata biyu wani abokina da ke Kakuri ya turo min hoton nan dai, ya ce in gargaɗi mutanenmu, an ce yaron nan yana yawo a kudancin gari. Har an ƙara masa laifi, an ce an kama shi da bindiga ya gudu. Yaron da ko almakashi bai gama iya riƙewa ba.

In kuna ganin abin wasa ne, ku tuna Uromi a jihar Edo, Maris 2025. Mafarauta 16 'yan Arewa, suna hanyar komawa gida yin sallah, 'yan banga suka tare motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su. Duk Arewa mun yi kuka, kuma ya kamata mu yi. Amma hanyar da zargi ya bi ya zama hukunci a can, ita ce hanyar da muka bi da yaron tela. Allah ne kawai ya sa namu ya tsaya a gora.

Kuma kar ku ɗauka ƙasashen da suka ƙirƙiro tsarin sun tsira. A Landan, bayan tarzomar 2011, 'yan sanda suka buɗe wani jerin sunayen samarin da suke zargi da shiga ƙungiyoyin daba. Dubban sunaye. A 2018 Amnesty International ta nuna kashi 78 cikin ɗari na waɗanda ke ciki baƙaƙen fata ne, kuma da yawa babu wani babban laifi a kansu, wasu ma don abokan da suke yi ne ko bidiyon waƙar da suka fito a ciki. Ana raba jerin da ma'aikatun gidaje da makarantu. A 2017 wani ma'aikacin ƙaramar hukumar Newham ya tura wa mutum 44 kwafin da ke ɗauke da bayanan mutum 203, da adireshinsu. Ba a jima ba hotunan takardar suka bayyana a Snapchat a hannun 'yan dabar da ke gaba da su. Bambancinsu da mu shi ne abin da ya biyo baya. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta bincika, ta ci ƙaramar hukumar tarar fam 145,000 a 2019, ta tilasta wa 'yan sanda gyara, aka cire sunaye da yawa, daga ƙarshe a 2024 aka soke jerin gaba ɗaya. An yi kuskure, an samu wanda ya biya. A wurinmu mai gyaran babur ne ya biya, da yaron tela.

To mu dokarmu me ta ce? Na zauna na karanta, ba don ni lauya ba ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yuni 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Nan akwai abin da mutane ke yi wa gurguwar fahimta. Za ka ji an ce ai dokar ba ta shafi jami'an tsaro ba. Gaskiya ne sashe na 3 ya ɗauke musu wasu wajibai in suna binciken laifi ko aikin tsaron ƙasa. Amma bai ɗauke duka ba. Ya bar musu sashe na 24, wanda ya ce a karɓi bayani don wata manufa takamaimai, kar a karɓi fiye da buƙata, ya zama daidai, kar a riƙe shi fiye da lokacin da ake buƙatarsa, kuma a tsare shi. Ya bar musu sashe na 40, na kai rahoto in bayani ya zube. Ma'ana littafin nan na kan kanta, ko a dokar da muke da ita yau, ba daidai ba ne.

Ta ɓangaren waya kuma, dokar laifukan intanet ta 2015 ta ce kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na kiraye-kirayensu har shekara biyu, su miƙa wa hukuma in ta nema. Dokokin da NCC ta fitar a 2019 sun ce kafin a saurari wayar mutum a samo izinin alƙali, sai in gaggawa ce, shi ma a nemo izinin cikin awa 48. A takarda ba laifi. Matsalar ita ce ba ka da hanyar sanin ko an bi. Ba a fitar mana da adadin sau nawa aka nemi bayanan layukan mutane a shekara, nawa alƙali ya amince, nawa ya ƙi.

Kuma kowa a nan ya san abin da ake kira turakin. A sace maka waya, ka je ka kai ƙara, a ce ka kawo kuɗin turakin. In har ana iya gano inda layi yake saboda ka biya, to ka tambayi kanka wa kuma zai iya biya. Tsohon miji da ke neman matar da ta gudu daga duka? Wanda ke bin ka bashi? Wanda ka yi wa suka a Facebook?

Wannan na ƙarshen ba zato ba ne. A Fabrairu 2020 kwamitin kare 'yan jarida na duniya, CPJ, ya wallafa yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya suka kama 'yan jarida. Ɗaya daga ciki Samuel Ogundipe ne, yana Premium Times a lokacin, a Agusta 2018. An duba wa yake yawan kira, aka fara tsare abokiyar aikinsa, aka sa ta kira shi ya zo. Shekara guda bayan nan, ranar 2 ga Agusta 2019, wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda muka sani da Dadiyata, a ƙofar gidansa a Barnawa. Barnawa fa, nan maƙwabtanmu, tafiyar 'yan mintoci a Keke. Malami ne a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, mai yawan rubutu a kan siyasa. Har yanzu da nake maganar nan ba a bayyana inda yake ba. Ban ɗora wa kowa ba, don babu kotun da ta yanke. Amma matashin Kaduna da ya ga an iya gano ɗan jarida ta hanyar kiran waya, ya kuma ga shekaru sun wuce ba a gano Dadiyata ba, in ya yi jinkirin yarda da kalmar "ku ba mu bayani", kar a ce masa ba ya kishin ƙasa.

Na san abin da wasu za su rubuto a kwament. Wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Wani ma ya faɗa min haka a gaban jama'a, ya ce ku matasa kuna son a bar ku da wayoyinku ne saboda abin da ke ciki. Na ce masa, yallaɓai, mai gyaran babur wane laifi ya yi? Sunansa kawai yake son a ɓoye, kuma don ya taimaka ne. Matar da ta san mijin ƙanwarta na kai wa 'yan daji kaya, ita ma ba ta da laifi, amma in sunanta ya fita aurenta da ranta duka suna cikin haɗari. Mutanen da suka fi kusa da bayani mai amfani su ne suka fi kowa abin da za su rasa.

Tun da an taɓo maganar waya, in tuna muku abu biyu da ya kamata kowane matashi ya riƙe. Ranar 4 ga Oktoba 2020, ana gab da zanga-zangar EndSARS, sufeto janar Mohammed Adamu ya hana jami'ai binciken wayoyi da kwamfutocin mutane a hanya haka kawai. Sannan dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 54, ta ce shekarunka, askinka, ko irin kayan da ka sa ba hujja ba ce ta zarginka. Wannan sashen na karanta wa 'yan bangarmu shi, don in doka ta hana ɗan sanda mai kaki kama mutum saboda kamanni, ina ga mu da muke da tocila da gora. Ba na cewa ka tsaya gardama da mai bindiga a shinge da tsakar dare. Ka lallaɓa ka wuce lafiya, ka riƙe lokaci da wuri, ka kai ƙorafi da rana.

Bayan abin yaron tela mun yi zama mu admin biyar, zaman da aka kusa yin faɗa. Abin da muka tsayar shi ne ba a ƙara saka hoton mutum ko sunansa a guruf da sunan zargi. Wanda ya ga abu ya kira mutum ɗaya cikin biyu da muka zaɓa, namiji da mace, Musulmi da Kirista, don kowa ya samu wanda zai iya buɗe wa ciki. Su kuma su yi tambayoyin nan, da idonka ka gani ko ji ka yi, yaushe, akwai wata rigima tsakaninku? Wannan ta ƙarshe ta fi amfani fiye da yadda na zata. Rahoto biyu daga cikin na farko da suka zo, ɗaya rikicin kuɗin haya ne, ɗaya kuma budurwa ake takara a kai. In labari ya tsaya da ƙafarsa, mai unguwa ne zai kai shi, ba tare da sunan wanda ya kawo ba. Abin da aka rubuta kuma, in ya yi wata uku babu komai a kai, a yaga. A Amurka ƙa'idarsu ta irin wannan rumbun ta ce a sake duba bayani cikin shekara biyar, in ba hujja a goge. Mu ba mu da kabad mai makulli, wata uku ya ishe mu.

Mutum goma sha ɗaya suka fita daga guruf ɗin, suka ce mun zama lauyoyin ɓarayi. Sun buɗe nasu. Ina jin labarin ana saka hotuna a can.

Mun kuma rubuta takarda zuwa ofishin jami'in nan da ya zo taro, ta hannun kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Ba mu nemi jirgi marar matuƙi ko kyamara ba. Mun roƙi a ɗauke littafin masu kawo rahoto daga kan kanta. A ware jami'i ɗaya da zai riƙa karɓar irin wannan bayani a ɗaki, a ba mai rahoto lamba a maimakon suna. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya sa hannu da kwanan wata, yadda in abu ya fita za a san hannu nawa ya bi. Wato dai amsar tambayar Mama, a rubuce. Kuɗin duka bai wuce na kabad da kwaɗo da sabon littafi ba, mun ce ma za mu haɗa mu saya.

An karɓi takardar, an buga mata hatimi, an ce za a duba. Yau sati uku. Jiya na bi ta wajen Mama na sayi ƙosai, ta tambaye ni ko an amsa. Na ce tukuna. Ta ce to lambar da aka ba mu tana nan ta sa jikanta ya adana mata a waya, amma ba ta kira ba. Na ce Mama, akwai abin da kika gani ne? Ta juya ƙosanta a cikin mai, ta ce in an sayi kwaɗon in zo in gaya mata.

Ranar Asabar za mu koma ofishin, ni da mai unguwa. Duk yadda aka yi za ku ji a shiri na gaba. Wanda ya ga hoton yaron nan a wani guruf, don Allah ya goge, ya kuma gaya musu tela ne. Sai mun haɗu.